Tarihin Henry Wellcome, Mai Kantin Maganin Da Ya Kafa Ɗakin Bincike A Bakin Kogin Nilu

A yau mun ɗauko wani Bature ne wanda da yawa daga cikinmu sun daɗe suna cinikin kayansa ba tare da sun san shi ba. Duk wanda ya taɓa kasa magani a tebur, ko a kasuwar Jibiya ce, ko Illela, ko Maigatari, ko can Gallabat a kan iyakar Sudan da Habasha, ya san Septrin. Dattawa kuma ba za su manta da Daraprim ba, ƙwayar rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake sha mako-mako, wadda a Nijeriya aka laƙaba wa suna Sande-Sande. Duka biyun daga kamfanin Burroughs Wellcome suka fito, kuma rabin wannan suna na mutumin namu ne, wato Henry Solomon Wellcome.

Abin da ya sa muka zaɓe shi kuwa shi ne wata tambaya da muke yawan ji a bakin 'yan kasuwa. Ga mu da jami'o'i, ga furofesoshi, ga cibiyoyin bincike da suka girmi kakanninmu, amma me ya sa ko ƙwayar maganin ciwon kai, mafi yawanta sai an yi mana odarta daga Indiya ko Sin? Rayuwar wannan mutum, musamman ɓangaren da ya shafi Khartum da Jabal Moya da Wad Madani, inda 'yan uwanmu Hausawa suka zauna fiye da shekara ɗari, tana da abin cewa a kan wannan tambaya.

An haifi Wellcome ranar 21 ga Agusta 1853 a wani ɗan gidan katako a ƙauyen Almond da ke jihar Wisconsin ta Amurka. Mahaifinsa manomi ne matalauci da ya koma wa'azin Kirista yana yawo gari-gari. A 1861 iyalin suka yi ƙaura zuwa Garden City a jihar Minnesota, inda baffansa yake aikin likita kuma yake da kantin magani. Shekara guda bayan haka yaƙi ya ɓarke tsakanin Turawa 'yan kama-wuri-zauna da ƙabilar Dakota, 'yan asalin ƙasar, yaron ya taya baffan nasa jinyar waɗanda suka ji rauni. A wannan kanti ya koyi daka magani da awo. Yana ɗan shekara 16 ya fara sayar da hajarsa ta farko, wata tawada da ba a ganin rubutunta sai an kanga takardar a wuta, wadda a gaskiya ruwan lemun tsami ce kawai ya ba ta suna mai daɗi. Tun daga nan za a gane cewa mutumin ɗan kasuwa ne tun kafin ya zama komai.

Yana da shekara 17 ya tafi garin Rochester ya kama aiki a wani kantin magani, inda wani likita mai suna William Mayo, mahaifin waɗanda suka kafa shahararren asibitin Mayo, ya ƙarfafa masa gwiwar neman ilimi. Ya yi karatun haɗa magani a Chicago da Philadelphia, ya kammala a 1874, sannan ya zama wakilin talla na wani kamfanin magani na New York. Wannan aiki ne ya kai shi dazuzzukan Peru da Ecuador a ƙarshen shekarun 1870, inda ya ga yadda ake ɓare bawon itacen da ake yin kwinin da shi.

A 1880 wani abokinsa ɗan Amurka, Silas Burroughs, ya gayyace shi Landan suka haɗa jari. A wancan zamani a Ingila magani gari ne ko ruwa, mai kanti ne yake auna shi da hannu ya ƙunsa a takarda, yau ya yi yawa gobe ya yi kaɗan. Su kuma suka zo da sabon abu daga Amurka, wato magani da inji ya matse ya zama ƙwaya, kowace ɗaya awonta daidai da 'yar uwarta. Da farko dillalai ne kawai, suna sayar da kayan wasu. Daga baya suka ga ribar dillanci ba ta kai ta mai ƙera kaya ba, suka kafa masana'antarsu, suka ƙera injin da ke fitar da ƙwaya 600 a minti guda. A 1884 Wellcome ya yi wa ƙwayoyinsu rajista da sunan Tabloid, kuma ya tsare wannan suna kamar ransa, har a 1903 ya kai wasu masu kanti kotu saboda suna sayar da kayan wani da sunan, ya kuma yi nasara. Wanda jabun kaya ya taɓa karya wa kasuwa ya san dalilinsa. Gobara ta cinye masana'antarsu ta farko a 1889, suka koma garin Dartford suka gina wadda ta fi ta.

Wajen talla kuwa ba a magana. Yakan aika wakilai su bi likitoci ofis-ofis da samfur kyauta, yakan kuma haɗa akwatin magani ya ba mashahuran matafiya irin su Henry Stanley, domin idan sun dawo daga Afirka jaridu su ambaci sunan kamfanin. Sai dai zaman abokan biyu bai ɗore cikin daɗi ba, har sun kai ga kotu. A 1895 Burroughs ya mutu sakamakon ciwon huhu, kamfanin ya koma hannun Wellcome shi kaɗai.

A nan ne ya yi abin da ya bambanta shi da sauran masu sayar da magani na Ingila, kuma a nan muke so mai karatu ya tsaya ya lura. A wancan lokaci Jamus ce uwa a fagen ƙirƙiro magunguna. Ba wai Jamusawa sun fi Ingilishi kaifin ƙwaƙwalwa ba ne, domin Ingila na da manyan masana a jami'o'inta. Bambancin shi ne kamfanonin Jamus irin su Bayer da Hoechst suna ɗaukar masanan da jami'a ta yaye, su gina musu ɗakunan gwaje-gwaje a cikin harabar masana'anta, abin da aka gano da safe ana iya fara tunanin yadda za a sarrafa shi da yamma. A Ingila kuwa malamin jami'a yana ganin ƙasƙanci ne ya yi wa ɗan kasuwa aiki. Wellcome ya karya wannan al'ada. A 1894 ya buɗe ɗakin bincike na farko, wanda ya fara samar da maganin cutar mashaƙo, a 1896 ya ƙara na biyu don binciken sinadarai. Ya biya masana albashi mai tsoka, ya bar su su binciki abin da suka ga dama, su kuma buga sakamakon da sunansu. Ɗaya daga cikin matasan da ya ɗauka a 1904, Henry Dale, ya samu kyautar Nobel a 1936.

Mutane sun ɗauka almubazzaranci yake yi, sai da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914. Hanyar Jamus ta toshe, asibitocin Ingila suka wayi gari babu magungunan da suka dogara da su, ciki har da Salvarsan na ciwon tunjere. Kamfanin Wellcome, da yake yana da masana a hannu da injina a bayansu, cikin ɗan lokaci ya fitar da madadinsa. Haka zalika yana cikin na farko da suka sarrafa insulin na masu ciwon sukari a Birtaniya a 1923.

Yanzu bari mu juyo Sudan. A watan Satumba na 1898 sojojin Kitchener suka karya daular Mahadi a yaƙin Karari, kusa da Omdurman. Shekara biyu bayan haka, a hunturun 1900 zuwa 1901, Wellcome ya biyo Kogin Nilu daga Masar har Khartum, ya tarar da ƙasa da yaƙi da yunwa da annoba suka ragargaza. A lokacin ana gina Kwalejin Gordon, wadda daga baya ta zama Jami'ar Khartum. Ya yi tayin ba da kayan aikin ɗakin bincike gaba ɗaya daga aljihunsa, gwamnati kuma ta riƙa biyan ma'aikata. Aka amince, aka ɗauko wani matashin likita ɗan Sikotilan mai suna Andrew Balfour a 1902 ya shugabanci wurin, aka soma aiki a 1903 a saman benen kwalejin.

Balfour bai zauna a ɗaki yana leƙa madubin ganin ƙwayoyin cuta kawai ba, domin an haɗa masa da muƙamin jami'in lafiya na birnin. Ya kafa rundunar yaƙi da sauro, suna bin rijiyoyi da kududdufai da jiragen ruwan da ke zuwa daga kudu suna zuba mai a kan ruwa suna cike ramuka. A cikin 'yan shekaru mace-macen zazzaɓin cizon sauro a Khartum ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Wannan shi ne amfanin ilimi idan wanda ya gano abu shi ne kuma yake da ikon zartarwa. Sauran ma'aikatan gidan sun binciki ruwan Nilu, da ƙasar noma, da ƙaro, da ƙwarin da ke cin dawa da auduga, da cututtukan dabbobi. A 1907 Wellcome ya ƙara musu da wani ɗakin bincike mai yawo a kan ruwa, wani kwale-kwale mai hawa biyu da jirgi ke ja, suka riƙa shiga da shi kudancin ƙasar suna binciken ciwon barci da sauransu. Aikin ba wasa ba ne, domin ɗaya daga cikinsu, Dakta Pirrie, ya kamu da cutar kala-azar a yankin da ke tsakanin kogunan biyu, ya mutu a 1907. Gidan ya fitar da manyan rahotanni huɗu, a 1904, 1906, 1908 da 1911, waɗanda suka sa sunan Khartum ya shiga bakin likitocin duniya.

A wannan tafiya ta Khartum ce kuma ya haɗu da Syrie Barnardo, wadda ya aura a 1901 alhali ya girme ta da shekara 26. Sun haifi ɗa guda, amma auren bai yi ƙarko ba. Ya zarge ta da cin amana, suka rabu a 1910, saki ya tabbata a 1916, ta auri marubucin nan Somerset Maugham. Masu tarihi sun bayyana shi a matsayin mutum mai tsanani da riƙo, wanda bayan rabuwar ya janye jiki daga mutane ya duƙufa wajen tara kayan tarihi.

Wannan son kayan tarihi ne ya kai shi Jabal Moya, duwatsun nan da ke kimanin kilomita 30 yamma da Sinnar a kan hanyar Kosti, waɗanda masu sauraron labarai suka sha jin sunansu a 2024 lokacin da aka yi ta gwabza yaƙi a kansu. Daga 1910 zuwa 1914 ya yi kaka huɗu yana haƙa a wurin. A shekarar ƙarshe ma'aikatansa sun kai kimanin 4,000. Ya kafa musu asusun ajiyar kuɗi, ya koya wa wasu sana'ar hannu, duk wanda ya daina shan giya kuma sai a ba shi gashin ɗawisu ya maƙala a matsayin lambar girma. Ya gina wani katafaren gida da zallar manyan duwatsu. Ya kuma yi wata dabara da ba a saba gani ba, inda ake ɗaura kyamara a jikin wani abu na yadi da sanduna da iska ke ɗagawa sama ana riƙe da igiya, a ɗauki hoton filin daga sama, tun kafin jirgin sama ya zama ruwan dare.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, aikin yana da abin zargi. An tone kaburbura kusan 3,000, aka kwashe ƙasusuwan mutane da tukwane da duwatsun ado aka loda a jirgi zuwa Ingila, inda suka yi shekaru a sito, wasu suka lalace wasu suka ɓace. Ba a buga rahoton aikin ba sai 1949, shekara 13 bayan mutuwarsa. Ragowar ƙasusuwan an ajiye su a Jami'ar Cambridge. Sai daga 2017 ne masana daga Jami'ar Khartum da wata jami'ar Landan suka koma wurin tare, suka gano shaidar cewa an noma dawa a wannan yanki fiye da shekara 4,000 da suka wuce.

A daidai shekarun da Wellcome ke haƙa a Jabal Moya, a ɗaya gefen Sinnar wani gari ne ke tasowa. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci masu hijira zuwa gabas, suka sauka a bakin Shuɗin Kogin Nilu wajen 1906, garin ya ɗauki sunansa har yau. Su da maniyyata aikin Hajji da ke yada zango a Sudan don neman guzuri su ne suka zama wani babban ɓangare na hannuwan da suka yi aikin da ya biyo baya. A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe shirin noman rani na Jazira da fili feddan 300,000, wanda daga baya ya haura feddan miliyan biyu. Manomi mai hawasha yana karɓar kashi 40 cikin 100 na kuɗin auduga, sauran gwamnati da kamfanin Turawa su raba. Mutanenmu kuwa mafi yawansu ba su samu hawasha ba, sun zama masu noma da tsinkar auduga a gonar wani, suna zaune a ƙauyukan da ake kira kambo a gefen magudanan ruwa.

Tun 1918 aka kafa gonar bincike ta Jazira a Wad Madani, kuma ba a daɗe ba aka ga ranarta. A farkon shekarun 1930 cututtuka biyu suka auka wa auduga. Ɗaya tana baƙanta reshe da kara, ɗayar tana nannaɗe ganye ta hana shuka yin ƙwallo, wadda tun 1912 aka fara ba da labarinta a Nijeriya. A kakar 1930 zuwa 1931 amfanin gona ya faɗi ƙasa da rabin abin da aka saba samu, ga kuma farashi ya karye a kasuwar duniya. Manoma suka fara watsar da hawasha, har aka fara tunanin shirin gaba ɗaya zai rushe. Wani masanin ƙwari mai suna Kirkpatrick ya tabbatar da cewa wani ɗan mitsitsin farin ƙuda ne ke ɗaukar cutar nannaɗe ganye daga wannan shuka zuwa waccan, kuma cutar tana yin rani ne a jikin tsofaffin kututturan auduga da ke sake tohowa. Da aka gane haka sai aka ba da umarnin a riƙa tumɓuke karan auduga har saiwa a ƙone bayan girbi, aka ƙera wani ƙarfe na musamman don tumɓukewar, aka sauya tsarin hutar da gona. Wani masani mai suna Lambert ya zaɓo irin da ke jure nannaɗe ganye, daga baya wani mai suna Knight ya samar da irin da ke jure ɗaya cutar. Kafin ƙarshen shekarun 1930 auduga ta farfaɗo.

Abin lura a nan shi ne tazarar da ke tsakanin mai bincike da manomi ba ta da nisa. Gonar bincike tana Wad Madani, hedikwatar shirin tana Barakat 'yan kilomitoci kaɗan kudu da ita, ga sufetoci da ke zagaya kowace gona, ga hukuma ɗaya da ke raba iri ta kuma sayi amfani. Abin da aka gano bana, baɗi yana cikin gonaki dubbai. A 1935 aka raba gidan binciken Wellcome na Khartum, sashen likitanci ya koma ƙarƙashin ma'aikatar lafiya da sunan Stack, masu binciken ƙwari da ƙasar noma kuma aka haɗa su da hukumar binciken aikin gona da ke Wad Madani. Ta haka ne wani reshe na abin da Wellcome ya dasa ya yi saiwa a wannan gari.

To, amma ina ribar ta tafi? Audugar da bincike ya ceto, ana gurje ta ne a Jazira, a ɗaure ta dila-dila, jirgin ƙasa ya kai ta Port Sudan, daga nan sai masaƙun Lancashire a Ingila, sannan ta dawo mana a matsayin yadi. Haka ma ilimin cututtuka da aka tara a Khartum. An gano abubuwa da yawa a can, har wani likitan asibitin Khartum mai suna Christopherson ya nuna a 1918 yadda ake warkar da tsargiya da allura, amma masana'antar da ke mai da ilimi ya zama ƙwaya a cikin kwali tana Dartford. Shugabancin gidan binciken ma bai zo hannun ɗan ƙasa ba sai 1952, lokacin da Dakta Mansur Ali Hasib ya zama ɗan Sudan na farko da ya shugabanci ɗakin binciken Stack. A ganinmu Wellcome ya fi kowa sanin cewa ɗakin bincike da masana'anta Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, domin a kan wannan sani ya gina arzikinsa. Sudan kuwa ya ba ta guda ya riƙe guda.

Shi dai ya zama ɗan ƙasar Birtaniya a 1910. A 1913 ya buɗe gidan tarihin likitanci a Landan, kuma kafin ya mutu wakilansa sun sayo masa kayayyaki fiye da miliyan guda daga sassan duniya, wanda mafi yawansu bai taɓa buɗe akwatinsu ba. A 1932 Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma ta Sir. Bai sake komawa haƙa a Jabal Moya ba bayan 1914, duk da cewa ya ci gaba da biyan masu tsaron wurin. Ya mutu a Landan ranar 25 ga Yuli 1936 yana da shekara 82. An ƙone gawarsa, tokar ta yi shekaru a ajiye ba wanda ya waiwaye ta, sai a 1987 aka binne ta a harabar majami'ar Saint Paul.

Wasiyyarsa ita ce babbar dabararsa ta ƙarshe. Ya damƙa kamfanin gaba ɗaya ga wasu amintattu, da sharaɗin ribar da aka samu a riƙa zuba ta a binciken lafiya. Wannan shi ne asusun Wellcome Trust, wanda dukiyarsa ta haura fam biliyan 30, kuma yake tallafa wa manyan cibiyoyin bincike a Kenya da Malawi da Afirka ta Kudu da Tailan da Biyetnam. Kamfanin kuma ya ci gaba a kan tafarkin da ya shata. Masanansa biyu a Amurka, George Hitchings da Gertrude Elion, su ne suka samar da Daraprim a farkon shekarun 1950 da kuma sinadarin da ke cikin Septrin, suka samu kyautar Nobel a 1988. Daga wannan gida ne kuma AZT, maganin farko na cutar ƙanjamau, ya fito a 1987. A 1995 kamfanin Glaxo ya saye shi, a 2000 aka sake haɗewa ya zama GlaxoSmithKline. A watan Agusta na 2023 wannan kamfani ya sanar da rufe harkokinsa na kai tsaye a Nijeriya ya bar wa dillalai shigo da kayansa, kuma masu kemis sun ga yadda farashin wasu magungunansa ya ninka a watannin da suka biyo baya.

Indiyar da muke yi wa oda ba da yawan digiri kawai ta kai inda take ba. A 1970 ta sauya dokar mallakar fasaha yadda kamfanonin gida za su iya haɗa magani ta wata hanyar daban, ta kuma sa ɗakunan binciken gwamnati na Pune da Hyderabad su yi aiki kafaɗa da kafaɗa da masu masana'anta. A Nijeriya kuwa cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta samar da maganin sikila daga itatuwan gida a shekarun 1990, aka ba wani kamfani lasisi, aka ƙaddamar da shi da sunan Nicosan a 2006, kamfanin ya durƙushe a 2008, maganin ya ɓace daga kasuwa. Abin mamaki, a birnin Khartum ne a 2006 ƙasashen Afirka suka amince kowace ta riƙa kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin da take samarwa a kan bincike. Kusan dukkansu ba su cika ba, alhali Koriya ta Kudu tana kashe fiye da kashi 4, kuma mafi yawan kuɗin daga aljihun kamfanoninta yake fitowa.

Wad Madani dai ba ta daina aiki ba bayan tafiyar Turawa. A 1967 aka mai da hukumar ta zama Hukumar Binciken Aikin Gona ta ƙasa mai cin gashin kanta, a 1975 aka kafa Jami'ar Jazira a garin. A can ne wani masani ɗan Habasha, Gebisa Ejeta, tare da masanan Sudan suka samar da irin dawar nan Hajin Dura 1 da aka fitar a 1983, mai jure fari da ba da amfani fiye da irin gargajiya, aikin da yana cikin abin da ya sa aka ba shi Kyautar Abinci ta Duniya a 2009. A harabar hukumar kuma aka kafa rumbun adana iri na ƙasa, inda aka tara dubban samfuran dawa da gero da riɗi da kuɓewa da kankana daga kowane lungu na Sudan, ana ajiye su a cikin firji.

A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Masana'antun magani na ƙasar, waɗanda mafi yawansu ke Khartum Bahri, suka tsaya cik, aka wawashe wasu. A watan Disamba na wannan shekara RSF ta shiga Wad Madani, aka fasa ofisoshin hukumar binciken da rumbun irin, aka yi awon gaba da firji, aka zubar da iri a ƙasa, ma'aikata suka watse. Sojoji sun sake karɓe garin ranar 11 ga Janairu 2025. A watan Fabrairu na wannan shekarar aka kai wasu samfuran irin Sudan, ciki har da dawa, aka ajiye a rumbun iri na duniya da ke tsibirin Svalbard na ƙasar Norway, a cikin wani rami da aka haƙa a jikin dutsen ƙanƙara.